Otis Ferguson, mai sharhin fim da kiɗan jaz: musayar baitoci

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum. Kwanan nan ina ta karatun Otis Ferguson, Ba'amurken da ya yi wa mujallar The New Republic sharhin fina-finai da kiɗan jaz tun daga 1934. Ga abin da ya zo mini:

Da rana yana silima kan kujera,
Idonsa a kan majigi ba ɗagawa.
Da dare yana inda ake busa,
Kunnensa na bin ƙaho ba gazawa.
Ya san gumi tun yana sojan ruwa,
Shi ya sa ma'aikata yake fara dubawa.
Mai yanka hoto da mai riƙon kyamara,
Har mai ganga can baya yana yabawa.

Baba Mai Garaya:

Ɗana na ji, amma ina da magana,
Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.
Shekara talatin ina kaɗa garaya,
Ban ga alƙalamin da ya fid da kiɗi.
Mabushi ya fasa leɓensa da ƙaho,
Na gefe ya rubuta ya karɓe kuɗi.
Me takarda za ta ƙara wa kunne
Kan abin da ƙaho ya riga ya faɗi?

Hauwa 'Yar Katsina: Baba, a yi mini izini. Bix Beiderbecke, mabushin ƙahon jaz ɗan garin Davenport na Amurka, ya mutu a 1931 yana da shekara 28. A 1936 Ferguson ya yi rubutu a kansa.

Gaskiyarka Baba, ban ja da kai ba,
To mai waƙar in ƙasa ta rufe bakinsa?
Faifai na nan, ƙura ta hau shi,
Wa zai ce wa yaro zo ka ji busarsa?
Shekara biyar da binne mabushin,
Ferguson ya ɗau biro ya ta da sunansa.
Ni ma rubutun ne ya kai ni,
Na kunna waya don in ji muryar ƙahonsa.
Ina wanke-wanke na tsaya cak,
Kwano a hannuna, kumfa na zuba ƙasa.

Baba Mai Garaya:

'Yata wannan ta shige ni, na karɓa.
Saura guda, ita ma sai na faɗi:
Yana iya cewa wannan bai yi ba,
Ko shi ma maroƙi ne mai bin kuɗi?

Ɗan Zazzau: Baba, a 1941 da fim ɗin Citizen Kane na Orson Welles ya fito, masu sharhi da dama sun yi ta kambama shi. Ferguson ya ga surutu da nuna gwaninta sun yi masa yawa, kuma ya rubuta hakan.

Jama'a na tafi, shi ya naɗe hannu,
Abin da ya gani shi yake rubutawa.
Da yaƙin duniya ya zo ya ajiye biro,
Ya koma teku, jirgin kaya ya hau ba tsayawa.
A gaɓar Salerno ta ƙasar Italiya,
1943, bam ya same shi, ba dawowa.
Shekara 36 kacal ya yi,
Ga mu a nan muna ta karantawa.

Baba Mai Garaya:

Hauwa turo mini busar in saurara,
In ji abin da ya tsai da ke da daɗi.
Ran Juma'a zan ɗauko garayata,
Ki zo da biro, ki rubuta me ta faɗi.