Ƙwayoyin haidirojel ɗina sun maƙale a gilashi, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu, aikina gano DNA da ƙananan ƙwayoyin haidirojel, wato jel mai riƙe ruwa. Dabarar da ɗakin binciken Patrick Doyle na jami'ar MIT ta Amurka ya fitar a 2007 nake bi: a tura ruwan PEGDA (sinadarin da ke daskarewa ya zama jel) cikin siririyar magudana, a tsayar da shi, a haska UV (hasken da ido ba ya gani) ta cikin fim mai zane, duk inda hasken ya faɗa ya daskare, sai a kora ƙwayoyin waje a sake. Nawa suna fitowa da siffarsu cas, amma ko na ƙara matsin iska ba sa motsawa. Magudanar ta PDMS ce (wata robar silikon), na manna ta kan gilashi da filasma (iskar da aka caje da lantarki). 'Yan waɗanda na samu na ciro kuma hasken da ke nuna sun kama DNA dishi-dishi yake wajen gwaji. Ina gizo ke saƙar?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam ƙanina. Gilashin nan ne. Iskar oksijin na ratsa PDMS, ita ce ke hana ruwan da ke jikin bango daskarewa, sai a samu ɗan ruwa mai kaurin maikiromita 2 zuwa 3 sama da ƙasa. A kansa ƙwayar ke sulɓewa. Gilashi kuwa iska ba ta ratsa shi, don haka jel ɗin ya kama ƙasa gam. Shafa wa gilashin PDMS marar kauri, ka gasa shi rabin gashi, ka ɗora magudanar, sannan ka ƙarasa. Filasmar ma ajiye ta.

Amsa ta biyu: Malam ya gama magana kan mannewa. Batun haske, nawa ne kason PEGDA ɗinka? In ya yi yawa, ragar jel ɗin kan matse, DNA ya kasa shiga. Haɗin da aka saba: PEGDA 700 kashi 20 cikin ɗari, PEG 200 (ɗan'uwan PEGDA da haske ba ya daskarar da shi) kashi 40, Darocur 1173 (mai tayar da daskarewar in haske ya taɓa shi) kashi 5, sauran kuma ruwan TE da ake ajiye DNA a ciki. PEG 200 ba ya shiga saƙar, wanki ke fitar da shi ya bar ƙofofi. Ka kuma duba ko DNA ɗin da ka dasa don kamu yana da akiridait, wato sinadarin da ke ɗaure shi da ragar jel, a bakinsa. In babu, wanki zai tafi da shi.

Amsa ta uku: Kada dai ka canja komai a tashi ɗaya, ba za ka gane wanne ya yi maganin ba. Ka sa Tween 20 (wani sinadari mai kama da sabulu) kashi 0.05 a ruwan wanki, yana hana ƙwayoyin dunƙulewa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. PEGDA kashi 60 nake zubawa, Yaya. Da gilashin zan fara. Malam, rabin gashin nan a zafi nawa kake yin sa?