Inda kasuwar idon na'ura ta dosa: abin da aka tattauna

An tattauna kan makomar kasuwar idon na'ura, wato kyamarori da manhajojin da ke duba kaya a masana'antu. Magana ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda ciniki yana masana'antun batirin motocin lantarki da manyan rumbunan kaya.

2. A kan kamfanoni aka rabu. Wasu sun tsaya kan Cognex na Amurka da Keyence na Japan saboda inganci. Wasu suka ce Hikrobot na China ya karya farashi, ƙananan masana'antu can za su nufa. Ni ma nan na karkata.

3. Ƙirƙirarriyar basira tana gano tabon jikin kaya wanda tsofaffin manhajoji ke tsallakewa, amma fa sai an horar da ita da hotuna masu yawa. Rashin kyawun haske ya fi ɓata aiki, in ji wasu.

4. A Kano, injinan tsince shinkafa da riɗi masu aiki da idon na'ura na neman masu gyara.