Neman shawara: tazarar akwatuna ta ƙi daidaita a injin burauzar da nake ginawa

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gina ƙaramin injin burauza da yaren shirye-shirye na Rust don in san yadda abin yake aiki tun daga tushe. Yana karanta HTML (tsarin shafi) da CSS (salon shafi), yana lissafa salo, yana kuma jera akwatuna daga sama zuwa ƙasa. Inda na cije shi ne `margin`, wato tazarar da ake bari a wajen akwati. Shafin gwajina `h1` (babban take) ne guda a cikin `body` (jikin shafi), sai `p` (sakin layi) biyu a ƙarƙashinsa. Chrome na ajiye saman `h1` a wajen fiksel 21.44 daga saman shafi, nawa kuwa 18.72 yake ba ni. Tsakanin `p` biyun ina samun 32 maimakon 16, sai na sa a riƙa ɗaukar babbar tazarar cikin biyun, ya gyaru. Amma da zarar na naɗe `p` a cikin `div` (akwatin da ke ɗaukar wasu akwatuna), ɗinkin sai ya sake ɓarkewa. Ga kuma wani siririn farin layi da ke leƙowa tsakanin akwatuna masu launi. Don Allah masana, in ci gaba da faci ne, ko in rushe sashen shimfiɗar in sake?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan 18.72 ɗin matsala biyu ce a dunƙule: 8 ne da 10.72. Takwas ɗin tazarar `body` ce, kuma bai kamata a tara ta a kan ta `h1` ba. Ita kuwa 10.72 daga sashen salo ta fito, tun kafin a zo shimfiɗa.

Salon asali na `h1` shi ne `font-size: 2em` da `margin` na sama da ƙasa `0.67em`. Shi `em` awo ne da ke ninka girman rubutu, kuma a cikin `font-size` kaɗai yake duban girman rubutun uwa, wato akwatin da ke ɗauke da shi. A sauran wurare girman rubutun akwatin kansa yake dubawa. Ke nan 2 sau 16 ya ba da 32, sannan 0.67 sau 32 ya ba da 21.44. Injinka da 16 ya ninka.

Ka raba lissafin salo zagaye biyu: a warware `font-size` tukuna, da su `direction` da `writing-mode` in kana da su, sannan sauran. Haka Blink (injin Chrome) da Gecko (injin Firefox) suke yi. Abin da ɗa zai gada kuma lissafaffiyar ƙima ce, wato fiksel 32, ba rubutun `2em` ba, in ba haka ba girman zai yi ta ninkuwa kana gangarawa. `line-height: 1.5` ne ake gado a matsayin lamba zalla, kowane ɗa ya ninka da nasa girman. Kaso cikin ɗari a `margin` kuma kar ka taɓa shi a nan, sai lokacin shimfiɗa, kuma da faɗin akwatin da ke ɗauke da shi ake aunawa ko da tazarar sama ce. In ka gyara wannan za ka ga 29.44, wato 8 da 21.44.

Amsa ta biyu

Malam ya cire maka rabi, bari in kama ragowar takwas ɗin. Ba sai ka rushe komai ba ƙanena, amma facin nan ka cire shi, don ba zai kai ka ko'ina ba. Ka buɗe sashe na 8.3.1 na ƙa'idar CSS 2.1 ka karanta a tsanake, bai fi shafi biyu ba.

Tazarar sama da ƙasa tamkar lungu ce tsakanin maƙwabta: kowa ya faɗi faɗin da yake so, amma lungu ɗaya za a bari, mafi faɗin. Kai 'yan'uwa masu bin juna kawai ka lura da su. Akwai wasu hanyoyi uku. Saman uwa yana haɗewa da saman ɗanta na fari matuƙar babu `border` (layin gefe) ko `padding` (tazarar cikin akwati) a tsakani. Ƙasanta yana haɗewa da ƙasan autanta in tsayinta `auto` ne. Akwatin da babu komai a cikinsa, ba tsayi ba `min-height`, samansa da ƙasansa ma haɗewa suke, tazara ta ratsa shi ta wuce. Saboda haka tazara biyar ko shida na iya taruwa a wuri guda, daga zurfi daban-daban na bishiyar. Shi ya sa `max` tsakanin lamba biyu ba ta isa.

Abin da za ka yi: ka ƙirƙiri ɗan tsari mai gida biyu. Gida ɗaya na riƙe da mafi girman tazarar da ta haura sifili, ɗayan na riƙe da wadda ta fi nisa a ƙasa da sifili. In za a warware sai a tara su. Misali 20 da 30 da −10 za su ba da 20. Kar ka taɓa warwarewa kafin lokaci, don in ka mayar da shi lamba ɗaya a tsakiyar hanya, wata tazarar ta ƙasa da sifili in ta zo daga baya lissafin ya lalace. Blink na kiran wannan tsari `MarginStrut`, Servo, injin burauza da aka rubuta da Rust, kuma `CollapsedMargin`. Tunda da Rust kake aiki, na Servo zai fi maka sauƙin karantawa.

Kowane akwati in ya gama shimfiɗa kansa, ya mayar wa uwarsa abu huɗu: tsayinsa, tazarar samansa, tazarar ƙasansa, da alamar ko an ratsa shi. Ita uwa tana riƙe da `y` (nisa daga sama) na inda aka kai, da tazarar da ke jira, da wata alama mai nuna cewa har yanzu ba a bar bakin samanta ba. In alamar nan na kunne, tazarar saman ɗa ba ta motsa shi ko kaɗan: a ajiye shi a sifili, a zuba tazarar cikin ta uwa, ta haura sama. In a kashe take, a haɗa ta da mai jira, a warware, a ƙara a kan `y`. In ɗan ratsattse ne, a zuba tazarar ƙasansa a wuri ɗaya a wuce, ba a ƙara komai ba. In ba ratsattse ba ne, a ƙara tsayinsa, tazarar ƙasansa ta zama mai jira, a kashe alamar. A ƙarshe mai jiran ko ta fice ta ƙasan uwa, ko ta shiga cikin tsayinta in akwai abin da ya tare ta.

Masu tarewa kuwa: duk akwatin da ya buɗe sabon fagen shimfiɗa, wato yankin da ke jera abin da ke cikinsa daban da na waje, ba ya haɗa tazara da 'ya'yansa, irin su `float`, `position: absolute`, `inline-block`, `display: flow-root`, da `overflow: hidden`. 'Ya'yan `flex` da `grid` ba sa haɗewa da juna. Ta `html` ma ba ta haɗewa da kowa, shi ya sa tafiyar ke tsayawa a `body`: babba tsakanin 8 da 21.44.

Amsa ta uku

Ƙarin bayani kan na Malama. Ka duba fankon da ke tsakanin `<div>` da `<p>` a fayil ɗinka. Sabon layin nan rubutu ne a DOM, bishiyar da burauza ke ginawa daga HTML. In injinka ya gina masa akwati marar suna mai tsayi, zai tsaya tsakanin uwa da ɗa ya hana haɗewar, kod ɗinka daidai amma sakamako ba daidai ba. Fanko zalla tsakanin akwatunan `block` a jefar da shi tun wajen gina bishiyar akwatuna, sai fa in `white-space` ya ce a kiyaye shi. Sannan ka tabbata akwai `<!DOCTYPE html>` a saman shafin gwajin. In babu, Chrome da Firefox suna komawa tsohon yanayi, inda suke yi wa tazarar ɗan farin `body` wani lissafi dabam, ka yi ta bin lambar da ba ita ba ce.

Mai tambaya

Allah Ya saka da alheri, 21.44 ta fito. To in `float` (akwatin da ake turawa gefe, rubutu ya zagaye shi) ne ya zo farko a cikin `div` fa? Ban san `y` ɗin da zan ba shi ba, tunda tazarar ba ta warware ba tukuna.

Amsa ta biyu ta dawo

Madalla. Ka taɓo wuri mafi wuya a shimfiɗar `block` gaba ɗaya. Shi `float` matsayinsa da fagen shimfiɗa duka ake aunawa, ba da uwarsa kawai ba, ga shi uwar ba ta san inda za ta zauna ba sai an ga tazarar ɗan da ke biye. LayoutNG, sabon sashen shimfiɗa da ya fara shiga Chrome a 2019, a irin wannan hali yakan katse aikin ya sake shimfiɗa akwatin da zarar an san ainihin matsayin. Kai ma ka yi haka: ka ajiye `float` ɗin a jerin masu jira, ka ci gaba har ka haɗu da abin da ke tsayar da tazara, layin rubutu ko `border` ko `padding`, sannan ka koma ka sake zagayen da tabbataccen `y`. Shawarata dai kar ka shiga `float` da `clear` sai gwaje-gwajen haɗewar tazara sun wuce maka. In ka haɗa su lokaci guda, ba za ka gane wanda ya karya wani ba.

Amsa ta huɗu

Ba wanda ya taɓa batun farin layin. Wajen zane yake faruwa. Ɗauki akwati mai `y` 33.4 da tsayi 33.4. In ka mayar da kowanne cikakkiyar lamba shi kaɗai, ka samu 33 da 33, ƙasansa ya tsaya a 66. Na biye da shi yana farawa a 66.8, wato 67. Fiksel ɗayan da ya rage shi ne layin da kake gani. Gefuna ake daidaitawa, ba girma ba: sama 33, ƙasa 67, tsayin zane 34. Kuma wajen zane kaɗai, kar ka mayar da wannan lambar cikin shimfiɗa.

Ka kuma daina amfani da `f32`, lamba mai ɗigo ta Rust, a lissafin matsayi. Blink da WebKit (injin Safari) cikakkun lambobi suke ajiyewa, kowace ɗaya kashi 1 cikin 64 na fiksel. Gecko da Servo kashi 1 cikin 60. Shi ya sa `getBoundingClientRect()` a kan `h1` ɗinka zai ba ka 21.4375 a Chrome, 21.4333 a Firefox, kuma duka biyun daidai ne. In kana kwatanta lambobinka da nasu, ka bar sassaucin da bai wuce 0.02 ba.

Gwaji kuma kar ka tsaya kan ido. Ka sauke web-platform-tests, tarin gwaje-gwajen da masu gina burauza ke amfani da shi, ka shiga `css/CSS2/margin-padding-clear`, za ka tarar da fayiloli masu suna `margin-collapse`. Da yawansu suna nuni zuwa shafin da ya kamata su yi kama da shi ta `rel="match"`: ka zana duka biyun da injinka, ka kwatanta fiksel da fiksel. Wasu suna buƙatar fon ɗin Ahem, wanda yawancin haruffansa baƙin murabba'i ne mai faɗin `1em`, kashi 0.8 a saman layi, 0.2 a ƙasa. Ka loda shi tun farko, in ba haka ba gwaje-gwajen za su yi ta faɗuwa saboda awon haruffa alhali lissafin tazararka lafiya lau yake.