Shafin malamai yana mutuwa bayan canjin hostin, ACF ne ko me?

Dan_Kofar_Marusa:
Slm jama'a. Akwai shafin WordPress na wata islamiyya nan cikin Katsina da nake kula da shi, karatun tafsiri da hadisi muke ɗorawa. Malamai rukuninsu daban, karatu daban, sai na haɗa su da gurbin Relationship na ACF (fulogin ɗin Advanced Custom Fields, mai ƙara wa WordPress guraben bayani) yadda in ka buɗe malami za ka ga karatunshi duka a jere. Satin nan muka canza hostin, wato kamfanin da ke ajiye mana shafin a intanet, na kwashe komi da Export na WordPress na zuba a sabon wuri, to tun lokacin wasu malaman ba su buɗewa sai rubutun nan "There has been a critical error on this website", wasu kuma suna buɗewa amma karatun wani ne ke fitowa ƙarƙashin sunan wani, kuma kun san mutanenmu da maganar malamai, har an fara kirana a waya. Ga azumi ya matso. Don Allah a taimaka.

Gwani_Funtua:
Goge fulogin ɗin ka sake saka shi, ka share kash, wato kwafin shafukan da ake ajiyewa don su riƙa buɗewa da sauri. Ni haka nake yi yana warwarewa.

Yar_Kusugu:
Wslm. Malam kar ka goge komi tukuna, ba mu ma san ciwon ba. Shiga fayil ɗin saitin WordPress, wp-config.php, ka mai da WP_DEBUG da WP_DEBUG_LOG su zama true, WP_DEBUG_DISPLAY ka sa false don kar masu ziyara su gani. Sake buɗe shafin da ke mutuwa sannan ka duba debug.log cikin wp-content, kawo mana layin ƙarshe. Ka faɗa mana kuma PHP (yaren da WordPress ke aiki da shi) siga ta nawa ne a tsohon hostin, nawa ne a sabon.

Dan_Kofar_Marusa:
Ga shi: "Uncaught TypeError: count(): Argument #1 ($value) must be of type Countable|array, null given", cikin single-malami.php. Tsohon 7.4 ne, sabon 8.2.

Yar_Kusugu:
Yawwa, to ACF ba shi da laifi. Matsala biyu ce gare ka kuma ba hanyarsu ɗaya ba.

Ta mutuwar shafi mai sauƙi ce. Malamin da ba a haɗa mashi karatu ko ɗaya ba, get_field, umarnin ACF mai ɗauko abin da ke cikin gurbin, ba ya dawo da komi, a 7.4 in ka ba count(), umarnin ƙirga abubuwa, wofi gargaɗi kawai yake yi ya wuce, daga PHP 8.0 kuwa tsayar da shafin yake yi gaba ɗaya. Sa if ( $karatu ) kafin count da foreach ɗin, shi kenan. Wani zai ce ka koma 7.4, kar ka yarda, tun Nuwamba 2022 aka daina yi mashi gyaran tsaro.

Ta biyun ita ce mai ciwon kai. ACF ba sunan karatu yake ajiyewa ba, lambar ID yake ajiyewa a teburin wp_postmeta na rumbun bayanai. Shi kuma mai shigo da kayan, wato Import na WordPress, yana ƙoƙarin ba kowane rubutu tsohuwar lambarshi, amma in ya tarar wani abu ya riga ya zauna a kanta, ko hoto ne ko wani shafi da aka yi a sabon wurin, sai ya ba shi sabuwa, lambobin da ke cikin Relationship kuwa ba ya taɓa su, suna nan suna nuna tsohon gida alhali mai gidan ya tashi. In tsohon hostin bai rufe ba ka ɗauko rumbun bayanan dungurungum ta phpMyAdmin, manhajar sarrafa rumbun, tare da wp-content, ko ka yi da fulogin ɗin Duplicator, lambobin za su zo yadda suke. In adireshin shafin ya canza kar ka gyara shi da hannu cikin fayil ɗin SQL, bayanan da aka ɗaure da ƙidayar haruffa za su lalace, yi da fulogin ɗin Better Search Replace.

Gwani_Funtua:
Hajiya kin fi ni gaskiya. Amma dai ya share kash ɗin bayan ya gama.

Dan_Kofar_Marusa:
Na sa if ɗin, duka sun buɗe wlh, Allah ya saka da alheri. Tsohon hostin sai Juma'a zai ƙare, yau da dare in an kawo wuta zan ɗauko rumbun. Saura karatu huɗu da aka ɗora bayan ƙaura, su kenan za su ɓace ko?

Yar_Kusugu:
E za su tafi. Sauke sautinsu ka ajiye tukuna, in ka gama sai ka sake ɗora su ka haɗa da malamansu.