Musayar waƙa: yadda ake cin galaba a kan dodannin Japan

Mai Alƙalami:
'Yan'uwa, na buɗe fage da Kappa, dodon ruwa mai ƙoƙon baya irin na kunkuru,
Wanda ke jan doki zuwa gurbi, yana kiran masu wucewa kokawa.
Ƙarfinsa duka yana cikin ɗan ruwan da ke kwance a tsakar kansa,
Saboda haka mai hankali ba ya kai hannu, sai ya rusuna masa da gaisuwa.
Ladabi ya tilasta masa ramawa, to da zarar ya sunkuya,
Sai ruwan ya tsiyaye, ƙaton ya koma abin tausayawa.

'Yar Malam:
Malam, dodon da ake lallashi da kokwamba ai ƙarami ne,
Bari in kawo maka Yamata no Orochi, macijin da ya hana yankin Izumo sakewa.
Littafin Kojiki na shekarar 712 ya ce kansa takwas, jelarsa takwas,
Kuma ya cinye 'yan mata bakwai na gida ɗaya, ta takwas tana jiran mutuwa.
Susanoo, abin bautarsu mai guguwa, ya sa aka cika randa takwas da giyar shinkafa mai ƙarfi,
Kowane kai ya tsunduma a tasa randar, har barci ya biyo buguwa.
Yana cikin sassara macijin ne ya tsinci takobi a jelarsa,
Kusanagi ke nan, wanda ya miƙa wa yayarsa Amaterasu don kyautatawa.

Autan Zaure:
Yaya, ni Oni nake tausayi, ga ƙaho, ga kulkin ƙarfe a kafaɗa,
Amma ranar bikin Setsubun a Fabrairu, da soyayyen waken suya yara ke korar sa har dawa.

Baba Tsoho:
'Yata, tun da kin ambaci Amaterasu, abar bautarsu mai riƙe da rana,
Ki tuna cewa ɓarnar wannan ƙanen nata ce ta sa ta shige kogo ta ƙi fitowa.
Duniya ta yi duhu, kuma babu wanda ya isa ya fasa mata ƙofa,
Sai wata abar bautar, Ame-no-Uzume, ta hau kifaffen baho, ta dinga buga ƙafa tana rawa.
Dariyar taron ababen bauta ce ta sa ta leƙo, ta ga fuskarta a madubi, aka kamo hannunta,
Madubin nan ne ake cewa yana wurin bautar Ise, inda ba a nuna shi ga kowa.