Bidiyon kwamfuta a talabijin ta hanyar kyamara: wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Bidiyon sunan ɗiyata yana cikin kwamfuta, Hajiyarmu kuma tana Bichi, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa. Talabijin ɗinta irin ta da ce mai ƙeya, ramuka uku gare ta: rawaya, fari da ja. Ina da ƙaramar kyamarar hoto wadda ta zo da wayar jona wa talabijin. Na zuba bidiyon a katinta, na kunna, ko alamarsa ba ta nuna ba. Don Allah wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Mai Hoton Biki: Wa alaikumus salam, Allah ya raya jaririya. Na yi, kuma ya yiwu, amma sai da na sha wuya. Ita kyamara ba ta san ɗan kowa ba sai nata. Buɗe katin a kwamfuta za ka ga jakar DCIM, cikinta akwai wata mai lamba uku da haruffa biyar. A tawa Canon ce, sunan jakar 100CANON, bidiyo kuma MVI_0001.AVI yake fitowa. Duk abin da ka ajiye a wajen wannan jaka, ko ka bar masa suna irin "sunan baby", wuce shi za ta yi kamar ba ta gan shi ba. Kuma kowane bidiyonta yana da ɗan rakiya mai ƙarewa da THM, wato ƙaramin hoton da ake gani kafin a kunna. Dabarar da na yi, na ɗauki bidiyon banza na daƙiƙa biyar da kyamarar, na goge shi a kwamfuta, na ba nawa sunansa, na bar ɗan rakiyar a wurin.

Malamin Firamare: Yaya Mai Hoto, ka bar rabin zance. Ni ma na sauya suna, bidiyon ya fito a jeri, ina dannawa ta ƙi. Ashe AVI buhu ne kawai, abin da aka zuba a ciki shi ne magana. Tsofaffin kyamarorin nan da yawa Motion JPEG suke ɗauka, wato hotuna ne jere ɗaya bayan ɗaya, na kwamfuta kuwa galibi MP4 ne matsattse. Sai da na juya shi da manhajar ffmpeg ya koma daidai da nata: faɗi 640, tsayi 480, hoto 30 a daƙiƙa. Sauti ma sai da na kwaikwayi nata. Sai dai fa kumburi yake yi. Minti tara ya cinye mini kusan giga ɗaya, ga katin giga biyu ne. Darasin da na so nuna wa yara sai da na yanka shi gida uku.

Maman Biyu: Ni nawa matsalar daban ce. Ƙanina ne ya aiko da kyamarar daga Amurka, muna jonawa sai hoto ya fito fari da baƙi yana tsalle. Har na fara zargin wayar. Ashe kyamarar tana kan NTSC ne, wato tsarin hoton talabijin na Amurka, mu kuma talabijin ɗinmu mai tsarin PAL ce. A cikin saitinta aka sauya, nan take kala ta dawo.

Mai Gyaran Rediyo: Ku yi haƙuri, ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Na'urar DVD mai ramin filas, ko dikodar tauraro, ta fi ƙarfin wannan aiki, ba juyawa ba yankawa. Wani ya taɓa kawo mini irin wannan shago, muka ɓata yini guda, ana tsakiyar kallo batir ya mutu.

Ɗan Fagge: Baba mai gyara, gaskiyarka ce, amma DVD ɗin Hajiya ya daɗe da mutuwa. Na bi ta Malam da Mai Hoto, na yanko minti shida, daga inda liman ya raɗa suna zuwa inda aka miƙo jaririyar. Jiya Asabar na je da batir huɗu a aljihu. Murya ta ɗan riga baki, Hajiya ko a jikinta. Sau uku ta sa na maimaita, na huɗun ne ta ce a tsayar daidai fuskar takwararta, ta aika a kira maƙwabta.