Daga ina sunayen allolin tsoffin Girkawa suka samo asali?

Ɗaliba daga Zariya:
Assalamu alaikum, malamai. Ina karatu a kan tatsuniyoyin tsoffin Girkawa, sai na ga mawaƙinsu Hesiyod ya ce an kira allahiyar soyayya Afrodita da wannan suna ne saboda ta fito daga kumfar teku, wadda suke kira "afros". Shin masana harshe sun amince da wannan bayani, kuma haka ake gano ma'anar sauran sunayen kamar Ziyus da Atina?

Malamin Nahawu:
Wa'alaikumus salam, Malama. Yawancin masana na yau ba su karɓi maganar Hesiyod ba, domin suna ganin sunan ya riga labarin, wato Girkawa sun gaji kalmar da ba su fahimta ba, sai suka nemo mai kama da ita a harshensu suka ɗora mata labari. Da yawa sun fi karkata ga cewa sunan baƙo ne daga gabas, ganin yadda bautarta ta yi ƙarfi a tsibirin Kubrus, kuma ta yi kama da ta Astarta, allahiyar Finikawa, tsoffin mutanen gaɓar tekun Labanon, ko da yake ba a daidaita a kan yadda kalmar ta sauya ba.

Ziyus kuwa, zan iya dafa ƙafarsa ba tare da fargaba ba. Sunansa ya fito daga tsohuwar saiwa mai nufin sararin sama da hasken rana, wadda ta haifi "Dyaus Pita" a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da "Jupita" a Latin, kuma dokokin sauyin sauti sun tabbatar da dangantakar.

Mai Bibiyar Tarihi:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina so in ƙara batun shekaru. Bayan Michael Ventris ya warware rubutun Linear B, wato daɗaɗɗen tsarin rubutun Girkanci, a 1952, an karanta sunayen Ziyus da Fosaidon da Diyonisus a allunan yumɓu na tsoffin biranen Knossos da Pylos, waɗanda suka girmi Hesiyod da ɗaruruwan shekaru. Wannan ya rushe tsohon zaton cewa Diyonisus sabon shigowa ne cikin allolin Girkawa. Game da Atina kuwa, ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne ita ce ta ɗauki sunan birnin Atina, akasin abin da tatsuniya ta faɗa.

Ɗaliba daga Zariya:
Na gode ƙwarai. Wannan ya tuna mini da yadda muke fassara Bayajidda da "ba ya ji da", alhali wasu masana na danganta shi da Abu Yazid. To, Malam, sunan gwarzon nan Herakulis fa?

Malamin Nahawu:
Wannan a fili yake, domin "Hera" da "kleos" aka haɗa, wato ɗaukakar Hera, matar Ziyus. Abin da ya ɗaure wa tsoffin Girkawa kai shi ne, a labarin Hera ce babbar maƙiyiyarsa tun yana cikin zanin goyo.